Babi na Bakwai: Idon Mai Tantance Fata da Alƙalin da Ke Bayansa

Duk wanda ya saba da safiyar Ɗorayi ya san ayarin ma'aikatan da ke fitowa bayan an idar da sallar Asuba, wasu a keke, wasu a babur, wasu cikin a-daidaita-sahu, suna nufar masana'antun Sharaɗa da ke maƙwabtaka da su, ko na Chalawa can wajen Panshekara, ko kuwa su ratsa gari kacokan zuwa Bompai, wadda ita ce babbar yayarsu tun zamanin Turawa. A cikin ayarin nan akwai masu kula da inji, da 'yan dako, da masu gadi, amma akwai wani jinsin ma'aikaci wanda ba ya riƙe guduma ko sufana, wanda kuma in ya yi fashin yini guda sai kamfanin jima ya ji a jikinsa, shi ne mai tantance fata. Aikinsa a zahiri ba shi da wuyar bayani. Yana tsaye gaban tebur inda haske ya wadata, yaro ya shimfiɗa masa fatar akuya ko ta tunkiya, ya dube ta, ya shafa ta da tafin hannu, wani lokaci ya ɗaga ta haske ya ratsa, sa'an nan ya jefa ta kan tulin da ya dace da ita, wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, waccan kuwa ba ta cancanci ta ƙetare teku ba. Kafin mai kallo ya gane ina wuya ina wutsiya, shi ya riga ya wuce zuwa ta gaba.

Abin da yake nema aibobi ne, waɗanda dabba ta kwaso tun tana raye da waɗanda mutane suka ɗora mata bayan an yanka: tabon ƙazuwa da ƙirci, da hudar kaska, da karcen ƙayar da ta samu a wurin kiwo, da lalas ɗin mai ita, da shaftar wuƙar mahaucin da ya yi gaggawa wajen fiɗa, da wurin da ya fara ruɓa domin gishiri bai kai gare shi da wuri ba, abin da ke yawaita a kwanakin Babbar Salla, lokacin da kowane magidanci ke zama mahaucin kansa. A kan hukuncin da ya yanke cikin ƙiftawar ido ake gina farashi, kuma a kansa dillali ke cin riba ko ya kwana da hasara.

Ba jiya Kano ta fara buƙatar irin wannan ido ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo birni a shekarar 1851, ya tarar da jima da dukanci suna cikin manyan sana'o'in da garin ke tinƙaho da su, ana ɗaukar takalma da jemammun fatu zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ta daɗe tana ƙetare Sahara bisa raƙuma, har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko, domin ta can take isa hannunsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai fata ta juya akala zuwa Ikko, daga baya kuma aka kafa manyan masana'antun da ke jima da sinadarin kurom maimakon bagaruwa. Inji ya karɓe wanki da kankara da matsa, amma tantancewa ta kasance a hannun mutum.

To, ga mas'alar da ta sa muka kawo wannan mutum cikin littafin da ke magana a kan ƙwaƙwalwa. Yaron da ke shimfiɗa masa fatar yana iya zama ɗan shekara ashirin, idonsa garau, yana karanta lambar mota daga nesa, alhali maigidan nasa ya manyanta, ba ya karanta wasiƙa sai da tabarau; da za a kai su biyun asibitin ido a auna, yaron ne zai yi fintinkau. Duk da haka sai a shimfiɗa fata guda a gabansu, haske guda ya faɗa a idanunsu, tsoho ya ga aibi, yaro ya rantse lafiyarta ƙalau. In kuwa yaron ya jure zama kusa da shi, bayan shekaru shi ma zai fara gani, ba tare da idonsa ya ƙara kaifi ko kaɗan ba. Mene ne ya sauya, kuma a ina?

Malamanmu na da ba su bar wannan tambaya ta wuce su ba. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tabbatar a cikin Kitabul Manaziri cewa gani tsantsa ba ya riskar komai sai haske da launi, sauran abin da muke cewa mun gani, kamar siffa da nisa da kamanni, duka aikin tamyizi ne da ƙiyasi da tuna abin da aka taɓa gani, sai dai yawan maimaituwa yakan sa ƙiyasin ya yi sauri har mai shi bai san ya yi ba. Ya buga misali da mai karatu, wanda ke gane kalmar da ya saba da ita da kallo ɗaya ba tare da ya bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya ba. Ibnu Haldun kuma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya kira abin da mai sana'a ke samu malaka, wato siffar da ke kafuwa a rai saboda maimaita aiki, ya kuma nuna cewa ba ta samuwa sai a hannun malami. Har malaman hadisi sun san wannan hali daga kansu, domin an ruwaito cewa da aka tambayi Abdurrahman bin Mahadi yadda yake gane illar hadisi ba tare da ya iya kawo hujja nan take ba, sai ya mayar da mai tambaya ga ɗan canjin da ke gane jabun dirhami saboda daɗewa yana juya kuɗi. Waɗannan magabata sun siffanta abin da kyau. Abin da ba su da hanyar yi shi ne leƙawa cikin ƙoƙon kai su ga inda malakar ta sauka.

Leƙawar ta samu ne a ƙarni na ashirin. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana magana da 'yan'uwanta ta hanyar ɗan bugun lantarki, in ta yawaita bugu ta ɗaga murya ke nan, in ta rage ta yi shiru. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda aka ba lambar Nobel a 1981, su ne suka nuna, tun daga 1959, cewa ƙwayoyin da ke karɓar saƙon ido a ƙeya kowace da abin da take so: wata ba ta motsawa sai ta ga layi a tsaye, wata sai a kwance, wata sai a karkace. Gaba da su kuma akwai wani yanki da masana ke kira MT, inda kowace ƙwaya ke da nahiyar motsin da take so, wata dama, wata hagu.

A kan wannan yanki William Newsome da abokan aikinsa suka gina gwajin da ya buɗe ƙofar. Sukan zaunar da biri gaban allo cike da ɗige-ɗige masu yawo barkatai, a cikinsu akwai kaɗan da ke tafiya tare zuwa dama ko hagu, aikin birin shi ne ya faɗi nahiyar ta hanyar juya idonsa, in ya dace a ɗiga masa ruwan 'ya'yan itace a baki. A lokacin kuma an soka wata siririyar waya cikin ƙwaƙwalwarsa ana sauraron ƙwaya guda. A 1989 suka bayyana cewa ƙwaya guda tak tana iya kai birin gaba ɗayansa iya rarrabewa. A 1990 suka ƙara da cewa in aka ɗan zuga ƙwayoyin da ke son dama da wutar lantarki kaɗan, birin yakan karkata ga cewa dama ko da allon bai nuna haka ba. Sa'an nan a 1996 suka fito da abin da ya fi shafar babinmu: ko da an nuna wa biri allon da babu wata nahiya a cikinsa sam, ya zama amsarsa cinta ce kawai, mai sauraron ƙwayar yana iya hasashen abin da zai ce daga yawan bugunta. Hasashen ba mai ƙarfi ba ne, kusan dacewa 55 cikin 100 inda cinta zalla za ta ba da 50, amma ya isa ya nuna cewa akwai igiya tsakanin ƙwaya guda da hukuncin dabba, kuma ana iya auna kaurin igiyar.

Domin mu fahimci saɓanin da ya biyo baya, mu ƙaddara ƙwayoyin nan shaidu ne da suka cika zauren alƙali, kowane ya ga wani ɓangare na abin da ya auku, babu wanda ya ga duka, kowanensu kuma yakan yi ɗimuwa wani lokaci. A can ciki kuwa akwai alƙalin da ke tattara maganganunsu ya yanke hukunci guda. In hukuncin kotun nan ya inganta bayan shekaru, dalili ba zai wuce ɗayan biyu ba: ko dai shaidun ne suka ƙara lura, ko kuwa alƙalin ne ya koyi tazkiyya, ya gane wa zai jingina da maganarsa, wa kuma zai bari ya yi ta surutunsa.

Masu ra'ayin farko suna da hujja mai nauyi. A 1991 Avi Karni da Dov Sagi sun nuna cewa mutumin da ya ƙware wajen tsinto wani ɗan zane a kusurwa guda ta allo yakan koma kusan ɗan koyo in aka matsar da zanen zuwa wata kusurwa, abin da ke nuna kamar koyon ya sauka ne a matakin farko, inda kowace ƙwaya ke tsaron ɗan filinta. A 1992 Gregg Recanzone da Michael Merzenich sun horar da birai rarrabe kaɗawar wani abu a kan yatsa, suka tarar filin da yatsan ke da shi a taswirar ƙwaƙwalwa ya faɗaɗa. A 2001 kuma Aniek Schoups da abokanta a Luban ta ƙasar Beljiyam sun ga ƙwayoyin matakin farko na gani sun ɗan ƙara kaifi bayan dogon horo. Sai dai sauyin da ake gani a shaidun sau da yawa ƙarami ne in aka gwada shi da girman ci gaban da dabbar ta samu, wasu masu bincike ma sun nema ba su gan shi ba. Tun a 1998 ma Barbara Dosher da Zhong-Lin Lu suka ce a dubi wajen alƙali.

Gwajin da, a ganina, ya fi kowane tsabta shi ne na Chi-Tat Law da Joshua Gold na Jami'ar Fensilbaniya, wanda aka buga a 2008. Maimakon su jira biri ya ƙware sa'an nan su saurara, kamar yadda aka saba, sai suka fara sauraro tun yana ɗan koyo, suka bi shi wata da watanni, suna auna yankuna biyu: MT, inda shaidu suke, da wani yanki mai suna LIP, wanda ke shirya inda ido zai juya, wato kusa da kujerar alƙali. Biran suka yi ta ƙwarewa, suna gane motsin da a da ya fi ƙarfinsu. Ƙwayoyin MT kuwa ba su ƙara kaifi ba. Yadda suke ba da labarin motsi a ranar farko haka suke bayarwa a ƙarshe. Waɗanda suka sauya su ne na LIP, da farko ba ruwansu da abin da ke kan allo, daga baya suka riƙa hauhawa daidai da ƙarfin shaidar. Abin da ya fi ban sha'awa kuma, igiyar nan da ke tsakanin ƙwayar MT da hukunci ta yi kauri a hankali, kuma ba ga kowace ƙwaya ba, sai ga waɗanda dama can suka fi iya rarrabewa. Adalan shaidu suna nan cikin zaure tun ranar farko, suna faɗin gaskiya, ba a dai san su ba ne.

Shekara guda bayan haka mutanen biyu suka nuna yadda tazkiyyar ke iya gudana ba tare da wani ya tsara ta ba. Duk lokacin da hukunci ya dace aka sami ladan da ba a zata ba, sai a ƙara wa shaidun da suka goyi bayansa daraja kaɗan, in kuma aka zaci lada bai zo ba sai a rage musu; in aka maimaita haka sau dubbai, maƙaryata za su zube da kansu. Wannan ya dace da abin da Wolfram Schultz ya gano game da ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin, waɗanda ke bugawa gwargwadon tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da ya zo.

In muka koma gaban teburin Chalawa da wannan, abubuwa da dama da masu sana'a suka sani tun da can sai su sami dalili. Na farko, ya bayyana abin da ya sa tsoho ba ya iya koyar da yaro da baki. In ka matsa masa ya faɗi yadda ya gane, zai ce maka dubi nan mana, ko ya ce hannunsa ne ya gaya masa, kuma ba rowa yake yi ba, domin darajojin da aka raba wa dubban ƙwayoyi ba magana ba ce da harshe ke iya ɗauka. Abin da yake iya bayarwa, wanda kuma ya fi bayani amfani, shi ne gyara nan take: yaro ya jefa fata kan tuli, shi ya tsamo ta ya mayar inda ya kamata ba tare da ya ce uffan ba. Yaron da aka bar shi yana shimfiɗa kawai, ba a taɓa barinsa ya yanke hukunci ya yi kuskure a gyara masa ba, zai iya shekara goma a wurin idonsa bai buɗe sosai ba, kuma ina jin masu kamfanonin da ke ƙyashin barin yaro ya ɓata 'yan fatu kaɗan suna yi wa kansu tsada ne ba su sani ba. Akwai makarantar koyon ilimin fata a Samaru ta Zariya, tana koyar da sinadarai da sunayen aibobi, aiki ne mai kyau, amma ɗalibinta ma sai ya tsaya gaban tuli kafin sunayen su zama gani.

Haka kuma ya bayyana abin da ya sa gwanin fatar akuya kan yi tuntuɓe in aka kai shi ga ƙirgin saniya, ko wanda ya saba da ɗanyar fata mai gishiri in aka ba shi wadda ta fito daga kurom ta yi shuɗi-shuɗi: shaidun da ya amince da su na wata shari'a ce daban. Ibnu Haldun ya lura da haka, inda ya nuna cewa wanda malakar sana'a guda ta kafu a ransa da wuya ya kai irin wannan matsayi a wata. Kuma sauyin yana iya zurfi fiye da yadda ake zato, domin a 2008 Syed Chowdhury da Gregory DeAngelis sun sumar da yankin MT na birai da magani na ɗan lokaci, biran suka kasa rarrabe na kusa da na nesa. Bayan an horar da su wani aiki mai laushi na auna nisa, aka sake sumar da yankin, sai ga shi ba su damu ba ko a tsohon aikin, alhali ƙwayoyin yankin suna nan da iliminsu kamar da. Alƙalin ya ɗauke kunnensa daga wannan sahu na shaidu gaba ɗaya ya mayar ga wani.

Amma akwai wani gefe na lamarin da ba shi da daɗin ji, wanda kuma bai halatta a ɓoye shi ba. Mun yi ta magana kamar igiyar daga shaida take tafiya zuwa alƙali kawai. A 2009 Hendrikje Nienborg da Bruce Cumming, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, suka bi lamarin daƙiƙa bayan daƙiƙa, suka tarar biri ya fi dogara da abin da ya gani a farkon kallo, amma dacewar bugun ƙwayar da hukuncinsa ba a farkon ta fi ƙarfi ba, sai daga baya, bayan ransa ya riga ya karkata. Ma'ana, wani kaso na igiyar daga sama yake saukowa: da zarar alƙali ya fara karkata, sai shaidu su fara gyara murya su dace da shi. Mai tantancewar da ya san wannan kaya na dillali wane ne, wanda ya saba kawo nagari, ko ya ji an ce daga gari kaza suka fito inda ƙirci ya yi yawa, yana iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa abin da ya gani ya faɗa, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ganin nasa ne zato ya riga ya shafa. Rigimar da ake yi kullum tsakanin dillalai da kamfanoni a kan an karya wa mutum lamba ba duka ba ce ha'inci, ba duka ba ce kuma ƙorafin banza. Maganinta mafi sauƙi shi ne a gauraya kaya a ɓoye sunan mai su kafin su hau tebur, kamar yadda masu binciken magani ke ɓoye wa likita wane majinyaci ne ya sha na gaske.

Tun daga shekarun 1980 masana'antun Kano suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha, masaƙu suka fi jin jiki, majemu ma ba su tsira ba, ga kuma tukunyar ganda da ke gasa da su wajen sayen ƙirgi. Idan ana lissafin hasarar, injuna da gine-gine ake ƙirgawa, ba a sa abin da ke cikin kawunan mutanen da suka koma tuƙa a-daidaita-sahu, wanda ba a rubuce yake a ko'ina ba kuma ba ya komawa ga wani sai ta tsayuwa kafaɗa da kafaɗa. A ƙasashen Turai da Asiya yanzu ana ƙera na'urori masu kyamara da ke duba fata su nuna aibi, kuma hanyar da suke koyo ba ta yi nisa da abin da muka siffanta ba: a nuna wa kwamfuta dubban hotuna, ta yi hukunci, a gaya mata ta dace ko ta kuskure, ta gyara darajar da ta ba kowace alama. Sai dai wanda zai gaya mata hakan tilas ya zama mutum ne da ya riga ya iya, kuma duk karkatar da ke cikin idonsa za ta gaje ta tare da ƙwarewarsa. Na'urar da aka horar da ƙiragan shanun Turai kuwa za ta buƙaci sabon malami kafin ta san tabon ƙaya a jikin jar akuya. A babi na gaba za mu bar ido mu koma ga kunne, mu duba makanikin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa tun bai buɗe shi ba.